Hoton Taswira da Wurin da Yake Nufi a Doron Ƙasa



Mai karatu in ya dubi taswira yakan ga gari da kogi da iyaka. Kwamfuta kuwa ba ta ganin kome sai ɗigo-ɗigo a jere, kowanne da launinsa. Kayan aikin da masu gina manhaja ke amfani da su wajen zana tagogi da maɓallai, irin su Qt, suna iya baje hoton taswira a kan allo cikin ƙiftawar ido, amma ba su san inda hoton yake nufi a duniya ba. Aikin mai gina manhaja shi ne ya ɗaura kowane ɗigo da lambobi biyu, watau latitud, nisan wuri arewa ko kudu da Ikwaita, da lonjitud, nisansa gabas ko yamma da layin Girinwic.

Ga misali. A ce hoto yana da faɗin ɗigo 1,200 da tsawon ɗigo 1,000, ya kama daga digiri 3 zuwa 15 gabas, daga digiri 4 zuwa 14 arewa. Ke nan kowane digiri ya ci ɗigo 100. Kano tana wajen digiri 8.5 gabas da digiri 12 arewa, don haka sai a ƙirga ɗigo 550 daga hagu. To, a nan ne tarko yake. Latitud yana ƙaruwa ne in an yi sama, allon kwamfuta kuwa daga kusurwar sama ta hagu yake fara ƙirge ya gangaro ƙasa. Wanda ya kula zai sa Kano a ɗigo na 200 daga sama. Wanda ya manta zai sa ta a na 800, sai ga birnin Dabo can wajen Ikom a Jihar Kuros Riba!

Wannan lissafi mai sauƙi yana tafiya ne kawai in an zana taswirar da digiri masu tazara ɗaya, alhali duniya mulmulalliya ce, ba ta shimfiɗuwa sai da miƙa. Dabarar da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa ita ce Google Maps ya ɗauko a 2005, yana yanka duniya falle-falle, kowanne ɗigo 256 a tsaye da kwance. A wannan tsari tazarar latitud tana daɗa buɗewa gwargwadon nisa da Ikwaita, har dole aka datse taswirar a wajen digiri 85. Shi ya sa Girinlan ke neman kamo Afirka a ido, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Kusa da Ikwaita kuskuren ɗan kaɗan ne, kuma lalle wannan ya fi haɗari, domin ba ya nuna kansa.

Sa'an nan akwai maganar ma'aunin asali, wadda ta fi shafar ma'aikatan ƙasa da safiyo. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an auna su ne bisa ma'aunin Minna, na'urar GPS kuwa da WGS 84 take aiki. In aka ɗora lambobin wannan a kan hoton wancan ba tare da juyawa ba, wuri yakan goce fiye da mita 50, abin da ya isa ya jefa rijiyar mutum cikin gonar maƙwabcinsa.

Saboda haka hoto tsura ba ya wadatarwa. Tsarin GeoTIFF, wanda ya fito a 1995, yana adana bayanin shimfiɗa da ma'auni a cikin fayil ɗin hoton kansa, kuma manhajar QGIS, wadda aka gina da Qt tun 2002, tana karanta wannan bayani kafin ta ɗora ɗigo ko ɗaya a kan allo.