Ƙwaya Ba Ta da Ƙafa: Jawabi a Taron Ƙungiya



Jama'a, in aka ce ƙwaya, yaron da ke tangaɗi a bakin tasha muke hangowa, mu tsine masa mu wuce. To amma yaron nan shi ne wutsiyar al'amarin. Kan yana can nesa, kuma yana da kuɗi, yana da bindiga.

Mu duba inda Allah Ya zaunar da mu. Potiskum mararraba ce: ga hanyar Kano, ga ta Maiduguri, ga ta Bauchi, ga ta Gashuwa mai nufar iyakar Nijar. Abin da ya jawo iyayenmu nan ke nan, fatauci da sufuri da kasuwar shanu. Wannan hanya da muke ci da ita, ita masu fataucin miyagun ƙwayoyi suke so. Tiramadol, wanda yara ke kira tiramol, galibi daga Indiya ake yo shi, a sauke a tashoshin ruwa irin su Legas da Kwatano, sannan ya hauro arewa a mota. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, amma na 'yan sumoga yakan kai 225. Wannan kuwa ai ba don ciwon baya aka yi shi ba.

A ƙarshen 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi kashedi cewa tiramadol na isa hannun ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a yankin Sahel, har da Boko Haram. Mu nan ba sai an fassara mana ba. Mu muka yi jana'iza a watan Mayu 2012 bayan harin kasuwar shanu, muka sake yi a Nuwamba 2014 da bam ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya. Ba mu ce dillalan ƙwaya ne suka aikata ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda zai tura yaro ya yi kisa yana buƙatar abin da zai gusar masa da hankali, kuma akwai mai kawo masa, kuma mai kawowar yana cin riba.

Kada mu ɗauka ƙananan mutane ne. A Janairu 2022 an kama magajin garin Fachi a Nijar da hodar iblis fiye da kilo 200 a motarsa. A Satumba 2022 hukumar NDLEA ta gano kusan tan 2 a wani gida a Ikorodu. Masu dukiya haka sukan sayi shiru, in shirun bai sayu ba su nemi ran mutum.

Gwamnati ta hana kodin na tari a 2018, an gode. Amma doka ba ta leƙa bayan tirela, mu ne muke lodi. Don haka muna roƙon direbobinmu da 'yan kamasho: kwalin da aka liƙe, aka ninka kuɗin mota, aka ce kada a buɗe, a bar shi. In an kama, direba ne zai kwana a kurkuku, mai kayan ko sunansa na gaskiya ba a sani ba. Masu gidajen haya, a san wa aka ba sito. Masu kemis, ku ji tsoron Allah, yaron da ya zo sayen kati biyar ba zazzaɓi yake yi ba.

Sannan don Allah kada matasa su ce za su far wa dillali da gora. Mutanen nan ba su kaɗai suke ba. Wanda ya ga abu ya gaya wa mai unguwa a asirce, dattawa su kai wa hukuma da sunan jama'a, yadda ba za a nuna gidan mutum ɗaya ba.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu.