Sabuwar Manhajar Injiniyan Sinadarai: Ina Za Mu Kai Kashi Talatin?

An ce in yi magana a kan gyaran manhajar karatun injiniyan sinadarai a jami'o'inmu, fannin da na yi shekara biyar ina karantawa kafin in kama aikin gwamnati. To, malamaina su yi mini afuwa, yau ɗalibi ne a gaban allo.

Bari in fara da kunyar da na taɓa sha. A shekarata ta huɗu, lokacin da ake tura ɗalibai koyon aiki na wata shida, an kai ni wata matatar ruwan sha. Damina ce, ruwan kogi ya yi jawur. Wani dattijon ma'aikaci ya miƙo mini kwalba ya ce, "Injiniya, alam nawa za mu zuba yau?" Ni da ke iya lissafin hasumiyar tace mai a takarda, sai na tsaya ina susar ƙeya. Shi ya jera kwalabe shida, ya zuba wa kowace alam daban-daban, ya motsa, muka ga wadda ta fi saurin kwantawa. Ranar na yarda gani ya kori ji.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, wadda ta maye gurbin ta 2007 da muka yi karatu a kanta. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi ƙorafin cewa an tauye ikon majalisun jami'o'i, kuma maganarsu abar dubawa ce. Bugu da ƙari, a 2023 majalisar da ke kula da aikin injiniya, COREN, ta zama wakiliya ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washinton, inda ake auna digiri da abin da ɗalibi ya iya yi bayan ya gama, maimakon yawan darussan da ya zauna wa.

Tushen karatun ba ya canzawa. Dole ɗalibi ya san lissafin abin da ya shiga tukunya da abin da ya fita, da tafiyar zafi, da gudun ruwa a bututu. Damuwata ita ce kashi talatin ɗin nan. Idan aka kakkaɓe tsofaffin takardu aka sake musu suna, to an yi asara.

Ga abin da nake ganin ya kamata ya shiga. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna fitar da ruwa mai sinadarin kuromiyam. A koya wa ɗalibi tace shi. Akwai farar ƙasa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, wadda ake iya fitar da alam daga cikinta. Akwai siminti a Kalambaina da Ashaka, ga gyaɗa da riɗi masu jiran matsewa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, don haka darasin kare lafiya da muhalli ya zama wajibi tun daga shekara ta biyu. A haɗa da aikin kwamfuta, domin matatar Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2023, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, daga ɗakin na'urori ake sarrafa ta.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, ina namu rabon? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji a sakandare ba, jami'a za ta sha wahalar gyara shi. Ina roƙon ƙungiya ta sa ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu cikin kasafin bana, kuma duk wanda ke aiki a masana'anta ya nemar wa ɗalibi ɗaya gurbin koyon aiki. Ni na ɗauki nauyin kwalabe da ma'auni. Shugaba, a rubuta sunana farko.