Sauron Kwata da Sauron Gona: Yadda Yanayi Ke Tsara Zazzaɓi a Ƙasar Bakori



Ma'aikacin ɗakin shan magani a Kabomo ko Tsiga ko Guga ba ya buƙatar kalanda ya gane Agusta ya kama. Benci ne zai cika da mata goye da yara, jiki zau, ido ya faɗa, wani na amai, wani na rawar sanyi. Haka za a yi ta fama har a yi girbi. Sanyi na shigowa, layin masu zazzaɓi ya fara raguwa. Wannan hawa da sauka duk shekara ba haɗuwar sa'a ba ce, ruwan sama da zafi da laimar iska ne ke tsara ta.

Da farko dai, sauro ba ɗaya ba ne. Ire-irensa a duniya sun haura 3,500, amma uku ne suka fi shafar gidan Bahaushe. Akwai wanda masana ke kira Kuleks, mai kuka a kunne, mai hana barci a cikin garin Funtuwa ko da tsakiyar rani. Shi a kwata da masai da ruwan wanke-wanke yake ƙyanƙyasa, kuma duk fitinarsa ba ya ɗaukar zazzaɓin cizon sauro. Akwai Edis, mai zanen fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke haihuwa a tsohuwar taya da gwangwani da randar da ba a rufe ba. Shi ke yaɗa shawara. Na ukun shi ne Anofilis, mai zuwa cikin dare ba hayaniya. Shi ne mai kisan, kuma ba ya son ƙazamin ruwa. Abin da yake nema ɗan ruwan sama ne da ya kwanta, rana na dukansa: sawun kofaton shanu, gurbin tayar mota a hanyar ƙauye, kwarin da ke tsakanin kunya da kunya, gefen kududdufin da aka haƙi ƙasar gini.

Shi ya sa yawan ruwa kaɗai ba ya faɗin inda cuta ta fi. Legas ta fi Kebbi samun ruwan sama nesa ba kusa ba, sauro kuma ba a magana. Amma binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kusan rabin ƙananan yaran Kebbi, kashi 49 cikin 100, alhali a Legas ba ta wuce kashi 3 ba. Magani da ingancin gidaje sun taka rawa, amma Kebbi ƙasar fadama ce da shinkafa, Legas kuwa siminti da kwata.

To, yaya yanayi ke shiga? Ƙasar Bakori da Funtuwa da Malumfashi na samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Macen sauro, wadda ita kaɗai ke cizo, kan saka ƙwai 50 zuwa 200 a lokaci guda, kuma idan da ɗumi, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama sauro mai tashi. Ruwan farkon damina ƙasa ke shanye shi kafin tsutsa ta girma. Sai marka ta sauka, ƙasa ta ƙoshi, ɗan gurbi ya riƙe ruwa mako guda cur, sannan lissafi ya canza. Ruwa mai ƙarfi ma kan wanke tsutsotsin ya tafi da su. Wanda ya fi yi musu daɗi shi ne a yi ruwa yau, rana ta buɗe kwana biyu, a sake yi.

Ita ma ƙwayar cutar tana da nata sharaɗin. Bayan sauro ya tsotse ta daga jinin majiyyaci, sai ta yi kwana 10 zuwa 14 a cikinsa kafin ya iya zuba wa wani. Ke nan sai tsohon sauro ke kashe mutum. Idan iska ta bushe, yawancinsu kan mutu kafin wa'adin ya cika. Idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 18, ƙwayar kan daina girma, daren hunturu kuwa a nan kan sauko wajen digiri 15. Zafin bazara da ke haura 35 shi ma halaka sauro yake yi. Masana sun gano cewa yaɗuwar cutar ta fi ƙarfi a wajen digiri 25, wato dai irin lumshin da ake samu a Agusta da Satumba, lokacin da manomi ke murna da gonarsa.

Tsofaffi kan ce sabuwar masara ce ke kawo zazzaɓi, 'yan boko su yi dariya. Gasasshiyar masara ba ta da laifi, amma dariyar ta yi gaggawa. Binciken da aka yi a Habasha a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa garin da ke zubowa daga furen masara abinci ne ga tsutsar Anofilis. Tsutsar da ta tashi a ruwan da ke kusa da gonar masara ta fi saurin girma, kuma ta fi zama ƙaton sauro. A yankin Bure na ƙasar, ƙauyukan da suka fi noman masara sun fi yawan masu zazzaɓi. Yankin da masara ke kaiwa har gindin katangar gida, kamar namu, ya cancanci masanan Jami'ar Ahmadu Bello da ta Dutsin-Ma su duba masa wannan batu da idon basira.

Ina sauron yake shiga da rani? A Mali, ayarin masani Tovi Lehmann ya yi wa sauro alama a ƙarshen damina, aka sake kama mace ɗaya da ranta bayan wata bakwai. Ashe wani irin kan laɓe ya jira ruwa. A 2019 kuma suka ruwaito kama sauro a sama, tsayin mita kusan 290, iska na tafe da shi, tafiyar da za ta iya kai kilomita ɗaruruwa a dare guda.

Arewa ta daɗe da zama makarantar wannan ilimi. A shekarun 1970 masana daga Libaful da Zariya sun zauna a Malumfashi suna auna cututtukan yankin, har da zazzaɓi. A Garki, da ke Jigawa a yau, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi bincike daga 1969 zuwa 1976, inda a wani zango nasa suka fesa magani a ɗakuna, suka raba ƙwayoyi gida-gida. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, aka daina kuma ta dawo. Ɗaya daga dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake ficewa.

Kan sauyin yanayi, bai kamata a yi saurin cewa ƙarin zafi ƙarin sauro ba ne. A tsaunukan Habasha haka ne, shekara mai ɗumi kan hau da cutar zuwa garuruwan da sanyi ya saba karewa. A Sahel kuwa, farin shekarun 1970 da 1980 ya kusa share wani nau'in Anofilis daga sassan Nijar da Senegal, zazzaɓi ya ragu, da ruwa ya dawo shi ma ya dawo. Abin lura a nan shi ne tsawon damina da ambaliya irin ta 2022, sai kuma ruwan da mutum ya tsare da hannunsa. Dam ɗin Mairuwa, lambunan tumatir da rake na Danja, shinkafar fadama, duk arziki ne, babu mai cewa a bari. Sai dai suna ajiye wa sauro wurin haihuwa a watannin da a da rana ke ƙone shi.

Najeriya ce ta ɗauki kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da cutar a duniya a 2022, da kashi 31 na mace-macen. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata da damina, wanda a Najeriya aka fara gwadawa a jihar Katsina a 2013, an gina shi ne kan cewa haɗarin watanni kaɗan ne. Ga ƙauyen tudu, lissafin ya yi daidai. Ƙauyen bakin fadama kuwa, inda ake ban ruwa har Maris, masu rabon magani kan tafi su bar yara da sauro, iyaye kuma su naɗe gidan sauro da zarar zafi ya fara. Ga kuma baƙon Anofilis daga Asiya, wanda ya ɓulla a Jibuti a 2012, aka gan shi a jihar Gombe a 2020. Shi a tankin ruwa da durom na cikin gari yake haihuwa, rani da damina.