Yadda Ake Kafa Maƙera da Garejin Gyara a Gida



Jawabin wannan wata a kan saurayin da ya gama koyon sana'a ne. Ya yi shekara uku ko huɗu a birni wajen maigidansa, ya koyi walda, ya koyi gyaran babur da injin ban-ruwa. An yaye shi, ya dawo ƙauye. Mahaifinsa ya sayar da sa, ya danƙa masa kuɗin, ya ce ya kafa nasa wurin. To, wannan kuɗi ba za su zo sau biyu ba. In ya kashe su ba bisa tsari ba, sa ya tafi, sana'a kuma ba ta tsaya ba.

Aiki kam akwai shi a karkara. Garmar shanu tana karyewa. Ƙafar amalanke tana cin boris. Babur yana ƙin tashi ranar kasuwa. Injin ban-ruwa yana tsayawa daidai lokacin da tumatir yake neman ruwa. Manomi yakan ɗauki ɗan ƙarfen da ya karye ya tafi gari mai nisa, ya biya kuɗin mota, ya ɓata yini guda, a kan gyaran da bai wuce na rabin sa'a ba. Wanda ya kawo wannan gyara kusa da mutane ba zai zauna banza ba.

Abu na farko shi ne wuri. Da yawa sukan ce a kafa a zaure, ko a tsakar gida, don kada a biya haya. Wannan kuskure ne. Tartsatsin walda yana tsalle nesa, kuma ba ya mutuwa nan da nan. A gidan ƙauye akwai danga, akwai rumbu, akwai tarin kara da harawa. Da hunturu komai ya bushe, iska kuma tana kaɗawa. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abincin shekara, na mai gida da na maƙwabta. Saboda haka a kafa rumfar a waje, gefen hanya, nesa da duk abin da wuta take ci, kuma nesa da rijiya. A yi rufin da kwano, ko da tsoho ne, kada a yi da ciyawa. A toshe ɓangaren gabas, domin daga nan hadari ya fi bugowa da damina. Sauran ɓangarori a bar su a buɗe, hayaƙi ya riƙa fita. A gefe a gina ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo, inda kayan aiki za su kwana.

Sai maganar kaya. A nan ne samari suka fi ɓarnar kuɗi. Ido yakan tafi kan babban inji mai sheƙi, alhali kayan hannu ne suke kawo kuɗin cefane kullum. A fara da teburin aiki mai nauyi, wanda ba ya rawa in an buga guduma, a ɗaura masa bais. Bais shi ne hannu na uku na mai gyara. A sayi guduma babba da ƙarama, da zarton ƙarfe, da magagari, da filaya, da sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da tef na awo. Sifana kuwa, lambobin da babur ya fi nema su ne 8, 10, 12, 14, 17 da 19, sai sifanar fulogi. Wanda ya iya karanta lambar da ke jikin sifana ba ya cinye kan noti. Gara a sayi sifana shida masu kyau da a sayi akwati guda na masu taushi, waɗanda bakinsu yake buɗewa tun makon farko. Tsohuwar sifana ta hannu mai nagarta ta fi sabuwa marar ƙwari. Ana samun irin waɗannan kaya, sababbi da na hannu, a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna. Mai saye ya tafi da wanda ya san kaya, kada ya tafi shi kaɗai.

Kada kuma ya raina maƙera irin ta iyaye da kakanni. Uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da zugazugi, da buhun gawayi, ba su neman fetur, ba su jiran a kawo wuta. Gawayin ƙirya maƙera suka fi so, don yana da zafi kuma yana daɗewa. Da waɗannan ake miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, a koɗa fartanya, a ƙera lauje da gatari. Tsohon sifirin na mota ƙarfe ne mai kyau ƙwarai. In ana son bakinsa ya yi ƙwari, a gasa shi ya yi ja, har mayen ƙarfe ya daina kama shi, sannan a tsoma shi cikin mai. Bayan haka a goge bakin ya yi haske, a ɗan sake ɗumama shi a hankali har ya yi launin busasshiyar ciyawa. In an tsallake wannan mataki na biyu, ƙarfen zai yi ƙwari amma zai tsage kamar tangaran.

Injin walda shi ne babban saye, kuma sai an yi lissafin wuta kafin a taɓa shi. Akwai tsohon samfuri mai nauyi, wanda wasu ake naɗa shi a nan gida. Yana da juriya, amma yana shan wuta sosai. Akwai kuma ɗan ƙarami na zamani da ake kira inbata, wanda mutum zai rataya a kafaɗa ya kai gona. Shi ya fi dacewa da inda babu wutar gwamnati. Duk da haka ƙaramin janaretan nan na kunna fitila da cajin waya ba zai ja shi ba. Ana bukatar janareta mai ƙarfin kamar kilowat 5. Tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023, kuɗin mai ya zama babban abu a cikin lissafin kowane mai walda. Dabarar ita ce a tara aikin walda wuri ɗaya, a yanka, a gwada, a shirya komai, sannan a tayar da janareta sau ɗaya a gama. Sandar walda lamba 12 ta ƙarfe marar kauri ce, irin na ƙofa da taga. Lamba 10 ta fi kauri, ita ce ta garma da amalanke. A ajiye su inda babu laima, domin sandar da ta sha danshi ba ta kama ƙarfe da kyau.

In kuɗi ba su kai ba, babu laifi a fara da gyaran babur da faci da ƙira. Injin walda ya jira shekara ta biyu. Cin bashi don sayen injin da babu man tayar da shi ba dabara ba ce.

Yanzu sai abin da ya fi kuɗi muhimmanci, watau rai da lafiya. Hasken walda yana ƙona ido. Mutum ba ya jin komai a lokacin, sai cikin dare ya farka kamar an zuba masa yashi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tsare wannan haske. Sai garkuwar fuska ta walda mai baƙin gilashi na ainihi. Yara kuma suna son tsayawa kallo, a kore su, ko da iyayensu za su ji haushi. Wanda idonsa ya ƙone ya ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, ya tafi asibiti. Kada ya ɗiga wani abu da aka ce masa magani ne.

Kada a kusanta wuta da tankin babur, ko tankin mota, ko durom da aka taɓa zuba fetur. Tankin da ya ƙare ya fi cikakke haɗari, domin tururin man da ya rage a ciki shi ne yake fashewa. Mai tankin zai rantse cewa ya wanke shi. Mai walda da bai koyi wannan aiki na musamman ba ya ba shi haƙuri, ya ce ya sayi wani. In wuta ta kama fetur, ba a zuba ruwa, don ruwa yaɗa ta yake yi. A ajiye bokiti biyu cike da yashi a bakin rumfa kullum.

Janareta a waje yake kwana, a waje yake aiki. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari, wadda take kashe mutane cikin barci in an rufe ɗaki. Haka ma babur ko mota, ba a barin su suna aiki a rufaffen wuri. Mai shiga ƙarƙashin mota kada ya amince da jak kaɗai. Ya sa gungumen itace mai ƙwari ya tokare, ya kuma sa dutse a tayoyi. Bulon siminti yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Kafin a yi walda a jikin mota, a cire kan batir.

Tsohon batir kuwa a sayar da shi yadda yake, kada a fasa shi a gida don neman dalmar da ke ciki. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara. A can daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake daka wa a cikin gidaje. Amma dalmar batir da waccan duk guba ɗaya ce, kuma ƙananan yara masu wasa a ƙasa ta fi kamawa. Mai gyara ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya tuɓe kayan aiki kafin ya ɗauki ɗansa. Baƙin mai a tara shi a jarka, kada a zubar inda zai gangara rijiya ko gona.

Aikin ƙauye yana bin lokaci. Da bazara garma da fartanya ne. Da kaka amalanke da lauje. Da rani injin ban-ruwa na 'yan fadama. Mai wayo yakan sayi ƙarfe da sandar walda kafin lokacin ya zo, ba ranar da layi ya taru ba.

Akwai kuma bashi, wanda ya rufe garejin mutane da yawa. A ƙauye kowa ɗan'uwa ne. Kawu zai kawo garma ya ce, "Ɗana, gyara mini, sai kaka." Ba a iya cewa a'a. Amma ana iya cewa, "Kawu, ladan hannuna ya jira kaka, kuɗin ƙarfe da na mai dai a taimaka yau." Wannan ba rashin kunya ba ne. A sami littafi guda, a rubuta sunan mai kaya, da ranar, da aikin, da abin da ya biya, da abin da ya rage. Kuɗin gareji daban, kuɗin gida daban. Kowane mako a ware wani abu don sayen kayan aiki guda, ko da sifana ɗaya ce.

Wanda yake son ƙarin horo ya tuntuɓi ofishin hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, watau NDE, a babban birnin jiharsa. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya kuma tana yi wa masu sana'a jarrabawar gwaji, mataki na 3 da na 2 da na 1, ta ba da takardar shaida. Takardar tana da amfani ranar da makaranta ko ƙaramar hukuma take neman wanda zai yi mata ƙofofi da tagogi.