Wa Zai Biya Kuɗin Gadin Gonakin Kura Da Bunkure?



Mu da muka tashi a ƙasar Kura da Bunkure mun san abin da ruwan Tiga ya yi mana. Tun da aka gama madatsar nan a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda shi kansa ɗan sanda ne, samarinmu da yawa suka daina tafiya cin rani, gama shinkafa da alkama da tumatir sun riƙe su a gida. Amma fa dukiyar ba ta zo ita kaɗai ba. Manomi ya ci bashi ya sayi injin ban ruwa, ya wayi gari an ɗauke. Wani ya yanke shinkafa ya tara, sai ya kwana a gona da tocila da gora. Ga kuma rigimar shanu, domin da rani babu wani kore sai a bakin magudanan ruwa. Ofishin 'yan sanda kuwa yana can cikin gari, sau da yawa mai ƙara ne ke sayen man zuwa.

To, ina kuɗin tsaron za su fito?

Da can kowace En'e tana da 'yan dokarta, kuma daga baitulmalinta ake biyansu. Bayan juyin mulkin 1966 aka haɗe su da 'yan sandan tarayya, kana sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana a kafa wata rundunar 'yan sanda dabam. Watau asusun ya koma nesa da mu. A 2019 aka yi dokar Asusun Amana na 'Yan Sanda, wadda ta yanka masa kwabo 50 cikin kowace naira 100 da ta shiga asusun tarayya, da naira 5 cikin kowace naira 100,000 ta ribar kamfanoni. Jihar Ribas ta kai ƙara, a 2022 kuma Babbar Kotun Tarayya ta ce ɗiban kuɗin daga asusun tarayya ya saɓa wa tsarin mulki. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don tsaron unguwanni. Mu tambayi masu unguwanninmu ko sun ga ƙurar kuɗin nan.

A ganinmu ƙofofin da suka fi kusa su ne abin ƙwanƙwasawa. Legas ta kafa asusun tsaro nata tun 2007, inda bankuna da kamfanoni ke zuba gudummawa a sayi motoci da kayan aiki. Masu injinan casar shinkafa da dillalan da ke cika motoci a Kura da Kwanar Gafan ba su fi ƙarfin irin wannan ba, su ma asarar manomi tana taɓa su. Bugu da ƙari, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Lalle ne mu nemi ganin layin tsaro a kasafin Kura da na Bunkure, a rubuce, da adadinsa. Ga kuma ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aikin TRIMING na Bankin Duniya ya ƙarfafa bayan 2014. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin yashe magudana ba za ta kasa tara na 'yan sintiri ba.

Sai dai a nan ne muke jin tsoro. Iyayenmu ba su manta yadda aka yi amfani da 'yan doka wajen muzguna wa 'yan NEPU a shekarun 1950 ba. Ɗan sintirin da ke karɓar albashi daga aljihun ɗan siyasa, ranar zaɓe ba injin manomi zai tsare ba. Kuma in aka bar makiyaya a waje, sintirin zai zama rundunar ɓangare guda. Don haka kowace gudummawa a sa ta a asusun banki mai sa hannu uku: na manoma, na ardo, da na hakimi. A karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowace kaka, wanda aka kama kuma a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da duka ba.

Yawancin shugabannin ƙungiyoyin nan ba su saba da rubuta takardar neman tallafi ba, mu kuwa an koya mana. Muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su ba mu ɗalibai goma 'yan yankin, waɗanda za su zauna da su a hutun nan mai zuwa, kafin a fara shukar alkama.