Cikin Injin Ya Fi Ƙarfin Gonarmu: Jawabi Kan Niƙan Alkama



Sakatare ya ce in yi magana a kan sana'ar da na tsufa a cikinta, wato niƙan alkama, kuma ya ja kunnena kada in wuce minti ashirin. Na karɓa da murna, domin na lura da yawa daga cikinmu sun ajiye aiki ko suna dab da ajiyewa, kuma kusan duk wanda na zauna da shi sai in ji yana shirin zuba kuɗin sallamarsa a noman rani, ko a injin niƙa. Kafin mutum ya saki kuɗin da ba zai sake samun irinsu ba, ya kamata ya san yadda wannan harka take.

Akwai lambobi biyu da ake rikita su, har a jaridu. Ɗaya ita ce ƙarfin inji, ɗaya kuma ita ce abin da injin ya niƙa. In ka ji an ce masana'anta kaza tana da ƙarfin tan 500, ana nufin alkamar da za ta iya haɗiyewa cikin awa 24 in ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. To amma babu injin da ke yin haka shekara guda cur. Akwai ranakun gyara, akwai ɗaukewar wuta, akwai ranar da jirgin ruwa ya makara rumbu ya zama wayam, akwai kuma lokacin da sito ya cika da buhuna babu mai saye. Sa'an nan lambar ta alkama ce, ba ta fulawa ba. Kilo 100 na alkama yakan ba da farar fulawa kimanin kilo 75, sauran kuwa dusa ce da ake sayar wa masu kiwo. Malaminmu na lissafi yana zaune a nan gaba, sai ya duba ni: tan 500 na alkama zai ba da tan 375 na fulawa, wato buhu 7,500 mai kilo 50. Wannan shi ne iyakar abin da injin zai iya. Abin da ya fito daga ƙofa a ƙarshen shekara kuma wani lissafi ne dabam, kuma a kansa ake cin riba ko a karye.

Yadda ake niƙan ya sha bamban da na dutsen niƙa da iyayenmu mata suka sani, ko injin unguwa. Su waɗannan murƙushe ƙwayar suke yi gaba ɗaya, ɓawo da ciki, sai a tankaɗe da rariya. A babbar masana'anta kuwa fiɗa ake yi wa ƙwayar. Da farko a cire tsakuwa da ƙasa da guntayen ƙarfe. Sa'an nan a yayyafa mata ruwa a bar ta ta kwana, har laimarta ta kai wajen kashi 15 ko 16 cikin 100, don ɓawon ya yi taushi ya riƙa saɓulewa a manyan falle maimakon ya dagargaje ya ɓata farin garin. Daga nan ta shiga tsakanin gangunan ƙarfe biyu masu tsaga-tsaga, ɗaya ya fi ɗaya sauri, su buɗe ta. Abin da ya fito ya hau manyan akwatunan rariya masu rawa, su raba shi gida-gida. Tsakin ya wuce zuwa wasu gangunan masu santsi su mai da shi gari, ɓawon ya koma a sake kankare shi. Haka za a yi ta zagayawa sau da yawa. Wannan tsaki mai tsabta shi ne, in an tsaya a nan, ake ƙullawa a sayar muku ku tuƙa tuwon semo. Ƙwararren maniƙi yakan sa tafin hannu ya tari garin, ya murza, ya gaya maka wace ganga ce ta matse fiye da kima. Kashi 1 cikin 100 da ya ƙwace daga dusa ya mayar fulawa, a masana'anta mai tan 500, buhu 100 ke nan kowace rana.

Wannan fasaha ta gangunan ƙarfe ta yi ƙarfi ne a ƙasar Hangari cikin ƙarni na 19, daga can ta bazu har Miniyapolis ta Amurka. Tana da haɗarinta, domin ƙurar fulawa in ta cika ɗaki tana fashewa kamar albarushi. A 1878 wata babbar masana'anta a Miniyapolis ta tashi ta haka, mutum 18 suka mutu. Shi ya sa ko ashana ba a yarda ka shiga da ita ba.

A cikin littattafan ƙididdiga na Turai za ku ga kullum ana haɗa alkama da wani hatsi a layi guda. Turawan Ingila suna kiransa "rai". Sunan ne kawai ya yi kama da namu, babu dangantaka. Ɗan'uwan alkama ne, dogo, mai jure sanyi da ƙasa maras ƙarfi, shi ya sa ya zama abincin Jamus da Folan da Rasha. Garinsa ba shi da irin danƙon nan na fulawar alkama da ke riƙe iska burodi ya kumbura, don haka da ƙullu mai tsami suke haɗa shi, kusan yadda ake kwanar da ƙullun waina, burodin ya fito baƙi-baƙi mai nauyi. Ba ma noma shi, ba ma cin sa, amma na kawo shi saboda darasin da ke ciki. A 1950 Jamus tana da wuraren niƙa kusan 19,000. Yau 'yan ɗaruruwa suka rage, manya sun haɗiye ƙanana. Duk da haka yawancin abin da suke niƙawa, alkamar da hatsin nan, daga gonakin ƙasarsu yake fitowa. Gona ce ta riga, inji ya biyo ta.

Mu kuwa ta baya muka faro. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da Barno. Kakanninmu sun noma ta a fadamu da jigo, da ita ake alkaki da funkaso da gurasa da taliyar hannu. Amma abincin sallah ce da biki da gidan sarauta, kaɗan ake nomawa. Burodi shi ya canza lissafin. A 1960 wani ɗan kasuwa Bagirke, George Coumantaros, ya kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, a 1962 kuma injinsa ya fara aiki a Apapa da ƙarfin tan 500 a rana. Ku lura da inda aka dasa shi: bakin tashar jiragen ruwa, inda za a zuƙo alkama daga cikin jirgi kai tsaye zuwa rumbu. Tun ran farko alkamar ƙetare aka gina wa injin. Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970, birane suka cika, mai shayi da burodi ya kafa tebur a kowace kwana, mu ma a makarantar nan mun san daɗin ranar da aka ba da burodi. Aka ƙara gina masana'antu a Fatakwal da Kalaba da Sapele, har da Kano da Kaduna da Maiduguri, waɗanda su ma daga teku ake hauro musu da alkamar. Kafin tsakiyar shekarun 1980 ƙasar nan tana shigo da fiye da tan miliyan 1 a shekara, yawanci daga Amurka. Wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, suka rubuta littafi a 1985 suka kira al'amarin tarkon alkama.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin cike gurbin da manyan ayyukan ban-ruwa. Aka gina madatsar Tiga a 1974 don shayar da filayen Kadawa da Kura, aka gina Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka haƙa magudanai a kudancin tafkin Chadi wajen Marte. Na Kano ya rayu, ko da yake manoma sun fi son tumatir da shinkafa. Na Bakolori ya zo da rikicin 1980 da aka kashe manoma masu neman diyyar gonakinsu. Na Chadi kuwa tafkin ne ya ja da baya saboda fari, ya bar magudanai a bushe.

Sai gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga farkon 1987. A nan ne duk wanda ke cikin sana'ar ya ga bambancin lambobin nan biyu da idonsa. Ƙarfin injuna yana nan yadda yake a takarda, ko ƙusa ba a cire ba, amma babu abin zubawa. A inda nake aiki a lokacin mukan shafe makonni muna share injin da ba ya motsi, muna shafa masa mai kada ya yi tsatsa. Aka sallami ma'aikata da dama, wasu masana'antun suka koma niƙan masara. Manoman da suka shuka alkama sun sami kuɗi a shekarun nan, wannan gaskiya ne, amma abin da suka girbe bai kai ko kusa da cikin injunan ba. Burodi kuma bai ɓace daga kasuwa ba, domin fulawa ta riƙa shigowa ta kan iyaka a ɓoye, riba ta koma aljihun 'yan fasa-ƙwauri. A 1992 aka janye hanin. A ganina manufar ba ta da laifi, gaggawar ce ta kashe ta. An rufe ƙofa kafin a cika rumbu.

Ga inda muke a 'yan shekarun nan. Masana'antar Apapa ta girma har ƙarfinta ya haura tan 8,000 a rana, tana cikin mafiya girma a duniya a wuri guda. In ta yi aiki cikakke, buhu 120,000 ke nan na fulawa, lodin tirela 200, kullum. A ɗaya gefen kuma, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bi gonaki ta auna alkamar da aka noma a 2021, ta sami abin da bai cika tan 37,000 ba, Kano ce kan gaba. Masu noman sun yi gardama cewa lambar ta yi kaɗan. To mu ba su, mu ninka ta sau uku. A lissafin hukumar, injin Apapa shi kaɗai zai lashe noman ƙasar nan na shekara cikin kwana 5. A lissafin da muka ninka, mako biyu. Sauran shekarar fa? Jirgin ruwa. Muna shigo da tan miliyan 4 zuwa 6 a shekara, da dala. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, da faɗuwar naira bayan 2023, suka iso har teburin mai shayi.

Harkar kuma ta taru a hannu kaɗan, kamar yadda ta faru a Jamus. Kamfanin Olam ya sayi Crown a 2010, ya sayi injunan alkama na BUA a 2016, ya sayi Dangote Flour Mills a 2019. Flour Mills kuma ya karɓi Honeywell a 2022. Saboda haka wanda ke tunanin kafa ƙaramin injin farar fulawa don ya yi gogayya da waɗannan, ina roƙonsa ya zo mu zauna tukuna. Su da jirgi guda suke saye, kai da mota. Kuma duk wanda ya zo sayar maka da inji, ƙarfinsa zai faɗa maka. Kai ka tambayi kanka kwana nawa a shekara za ka sami abin zuba masa, da wutar juya shi.

Masu son noman kuwa, akwai hanya, amma da sharaɗi. Alkama 'yar hunturu ce. A shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don ta yi ƙwaya kafin zafin Maris ya sauko. Wanda ya tsaya jiran girbin shinkafarsa ko jiran takin gwamnati har Janairu, zafi zai tarar da ita tana madara, ƙwayar ta motse, ya auna buhu ya ji ba nauyi. A nemi iri daga Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ita ke da alhakin alkama, irin su Norman da Reyna 28, ko Atila da manoma suka daɗe da sani. Kuma a kula da sussuka. Na sha ganin an mai da mota daga bakin ƙofa saboda an sussuke a kan ƙasa tsakuwa ta cika buhu, ko an haɗa iri uku a lodi ɗaya. Injin yana son alkama mai kama ɗaya, domin mai gidan burodi yana son buhun yau ya kumbura daidai da na jiya. Manomin yakan tafi yana cewa an raina kayan gida, alhali tabarma ko shimfiɗar leda ce ta raba shi da kuɗinsa.

Kada kuma a manta da kasuwar da ke ƙofar gida. Masu gurasa da alkaki da funkaso, da masu neman garin alkama da dusarsa don tuwo, suna sayen ta gida da daraja, su kuma ba su jiran jirgi. Ƙaramin inji mai tsabta, da na'urar cire tsakuwa, a kusa da Kura ko Haɗeja ko Talatar Mafara, ya fi kusa da aljihun ɗan fansho. In mutum biyar cikinmu suka haɗa hannu, ɗaya da gona, ɗaya da mota, zan zo in duba muku injin kafin ku biya, ba sai kun ba ni ko kwabo ba.

Na ga Sakatare yana nuna mini agogo.