Daga Kaki Zuwa Bakin Ƙofa: Jawabin Tsohon Samanja A Taron Shekara Na Hausawan Sabo, Badun

 

Mai girma shugaban taro, wakilin Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu mata da 'ya'yanmu matasa, ina gaishe ku baki ɗaya. An ce in faɗi abin da na gani a aikin soja da bayansa. Ni ba gwanin magana ba ne, a yi mini afuwa in na yi tuntuɓe.

A nan Sabo aka haife ni, mahaifina fataucin goro ya kawo shi. A 1979 na ce zan shiga soja, ya yi kwana uku bai yi mini magana ba. Da ya sauko, sai ga wata matsalar: wai ni ba ɗan asalin nan ba ne, can gida kuma ba wanda ya san ni. Sai da kawuna ya kai ni gaban dagacin garin kakana kafin na samu takarda. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A Zariya aka horar da mu muna kurata. A 1981 aka tura mu Cadi aikin kiyaye zaman lafiya, amma wallahi ban san yaƙi ba sai a Laberiya. A watan Agusta na 1990 rundunar ECOMOG ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Manrobiya, mayaƙan Charles Taylor suna yi mana ruwan wuta. A watan Satumba mutanen Prince Johnson suka kama Shugaba Samuel Doe a hedikwatar rundunar, suka tafi da shi suka kashe. Na ga yara 'yan shekara 12 riƙe da bindiga, ba su san alif ba. A Oktoban 1992, da aka sake auka wa Manrobiya, harsashi ya same ni a cinya. Wanda ya goya ni ya fitar da ni wani kofur ne Kirista, Tibi daga Binuwai. Bai tambayi addinina ba. Shi ya sa da rikicin kasuwar Shasha ya tashi a Fabrairun 2021 na riƙa bin matasanmu ina roƙonsu su zauna a gida. Wanda ya ga gari ya ƙone ba ya wasa da ashana.

Na yi ritaya a 2009 ina samanja, bayan shekara 30. To, jama'a, a nan ne na faɗi. Da kuɗin sallama suka zo, wani aboki ya ce mu haɗa jari mu riƙa sauko da shanu. Na miƙa masa fiye da rabi, ba takarda, ba shaida, don ina jin kunyar in ce ya sa hannu. Kafin shekara ta zagayo babu shanu, babu kuɗi. Allah cewa Ya yi a rubuta bashi, ni na ƙi ji.

Dole na nemi gadi a wani sito. Ranar farko wani yaro sa'an ɗana ya danna mini ham, ya ce: "Baba, buɗe mana!" Ni da ɗaruruwan sojoji suke ƙamewa in na yi tsawa a filin fareti. Na buɗe, na koma ɗaki na yi hawaye. Amma ban fasa ba. Abin da soja ya koya mini, wato zuwa kan lokaci da rubuta duk abin da ya shiga ko ya fita, shi ya sa bayan shekara 3 aka ba ni shugabancin masu gadi. Da wannan albashi da ɗan fanshona na kai 'ya'yana biyu jami'a.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko, iyaye su kai 'ya'yansu garin asali su karɓo musu takardar shaidar ƙaramar hukuma tun suna ƙanana, domin har yau ba a ɗaukar soja sai da ita. Ƙungiya ta kafa kwamiti a kan wannan, ni zan shiga. Na biyu, matasa ku gama sakandare. A intanet ake cike fom ɗin soja yanzu, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sa sunanku, ɗan damfara ne. Na uku, 'yan'uwana masu shirin ritaya, ku koyi sana'a tun kuna cikin kaki, kuma ko da ɗan'uwanka na jini za ka haɗa jari, a rubuta a gaban shaidu.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka baro a Cadi da Laberiya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.